Ƙugiya Mai Jan Zare

Agege, Legas
Laraba, bayan Azahar

Zuwa ga Yaya Ridwanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya a Potiskum, kai da Anti Hanan da yara. Allah Ya ƙara wa Kawu sauƙi, Ya ba ka ladan jinyar da ka bar komai ka tafi yi. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta lafa, har ta taka zuwa masallaci ranar Juma'a. 'Yata A'ishatul Humaira ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai baki. Ruwa kuwa ya sauka sosai, lungunmu ya koma yadda ka san shi.

Na san Jabiru ɗan Gwaggo ya riga ni zuwa kunnenka. Na ji ya ce maka na kwashe naman shanu biyu da raguna na binne don taurin kai. Na binne ɗin, kuma ko gobe aka maimaita haka zan yi. Na zaɓi takarda ne saboda in na kira ka a waya zan ɗaga murya, ni kuwa ban saba ɗaga maka murya ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Sati uku da tafiyarka ɗakin sanyin da Baba ya bar mana ya fara rashin lafiya. Injin sai gurnani yake ba hutu, amma naman da ya kamata ya daskare kamar dutse, in ka danna yatsa sai ya lotsa. Bututun da ke bayan fankoki kuma gefe ɗaya kawai ke yin ƙanƙara. Jabiru, da ka bar mini shi ya taimake ni har ka damƙa masa makullin ɗakin, ya kawo abokinsa Sadisu mai gyaran firji. Mutumin nan ko leƙa cikin ɗakin bai yi ba. A waje ya tsaya, ya jona agogon awonsa, ya ce gas ne ya ƙare, ya ɗura. Kwana uku sanyi ya dawo, rana ta huɗu muka koma inda muke. Haka aka yi har sau huɗu. Na tambaye shi, tunda gas ɗin nan ba fetur ba ne da ake ƙonawa, zagayawa kawai yake a cikin bututu, to ina yake tafiya? Ya yi dariya, ya ce zafin Legas ne ke shanye shi, in bar wa maza aikin maza. A zuwansa na ƙarshe ma tukunyar gas mai wani launi daban ya ɗauko, da na yi magana ya ce ai duk gas gas ne.

Ranar Asabar da safe na buɗe ƙofar. Yaya, ban taɓa shaƙar abu irin wannan ba, ni da na girma a cikin mahauta. Ruwan jini ya kwanta a ƙasa har ya taɓa idon sawuna, kitsen ya yi kore, naman yana yauƙi. Kafin in ja ƙofar ƙudaje sun cika ɗakin. A bakin kwata na durƙusa na amayar da kokon da na sha. Har yanzu warin bai bar mayafin da na sa ranar ba, alhali sau uku na wanke shi. Kuma a ciki akwai ragunan da Hajiya Fatu maƙwabciyarmu ta ba mu ajiya don walimar saukar 'yarta.

Amma wallahi warin bai ba ni ƙyama kamar maganar Jabiru ba. Ya ja ni gefe ya ce kada in tara mana jama'a. Wai a yanke inda ya yi kore, a wanke sauran da kanwa da lemun tsami, a raba wa masu tsire na bakin tasha kafin rana ta yi, yaji da wuta suna rufe komai, kuma cikin mutanen Legas ya saba. Yana faɗa yana murmushi, kamar ya kawo dabara. Tsiren nan shi 'ya'yanmu ke saya. Shekara talatin mutanen Agege suna karɓar nama daga hannun Baba ba tare da sun kai shi hanci ba, wannan ne kaɗai gadon da ya fi ɗakin daraja. Na datse ƙofa, na ɗaure makullin a bakin zanena, na kira Sarkin Fawa ya gani da idonsa. Aka zuba wa naman kalanzir, aka ɗora a mota, aka binne a gabana. Daga nan na wuce wurin Hajiya Fatu na faɗa mata gaskiya. Ta ce Allah Ya mayar da alheri, amma ba ta dube ni ba.

Sarkin Fawa ne ya turo mini wani dattijo Bayarabe, Baba Mufutau. Shi da roba ya zo, da ruwan sabulu da soso. Ya shiga cikin warin nan, ya bi bututun jan ƙarfen taki bayan taki yana shafawa, har ya kai kusurwar hagu inda ya ga maiƙo. Yana sa sabulu wurin ya kama hura kumfa. Mahaɗar ce ta tsage, duk gas ɗin da Sadisu ya ɗura ta nan ya tsere. Ya yi walda, ya zuƙe gaurayayyen gas ɗin da ke ciki da injinsa rabin yini, sannan ya zuba irin wanda aka rubuta a jikin injin. Yanzu ɗakin yana sanyi, sai dai ya ce kwamfuresar, wato zuciyar injin, ta sha wuya, bai yi mini alkawarin za ta daɗe ba.

Kafin ya tafi ya nuna mini yadda bututun ya lanƙwashe ƙasa, ya tambaye ni da Hausarsa mai tsalle ko wane ne yake rataye saniya a kan hanyar gas. Ka san mahauci ba ya ajiye nama a ƙasa, in ƙarfen rataya ya cika sai ya nemi duk abin da ƙugiya za ta kama. A daidai tsagewar akwai ƙugiya ɗaya da ta zauna har ta ci bututun. Na tuna Babbar Sallar bara da ɗakin ya cika, ka rataye cinyar sa a wurin, ka ce na kwana ɗaya ne. Mahauta suka ga oga ya yi, kowa ya bi. Ni ma na gani na yi shiru don kai babba ne, kuma wannan shirun nawa yana cikin abin da nake ƙyama.

Abu ɗaya nake roƙo. Makullin nan ba zai sake shiga hannun Jabiru ba, kuma na fi so ya ji daga bakinka.

Ka gaida Kawu da jiki, da Anti Hanan, da Mahbub da Ruƙayyatu. Inna tana sa maka albarka. Direban da zai miƙa maka takardar nan zai ba ka wani ƙunshi a leda, kada ka buɗe shi kusa da abinci. Ƙugiyar ce, da jan zaren da kake ɗaura wa naka. Ban wanke ta ba.

Ƙanwarka,
Raliya