Sau Goma Sha Ɗaya Na Ce Da Sauƙi

Litinin, 7 ga Satumba

Na dawo daga Birmingham da littattafai biyu. Ɗaya mai baƙin bango, lauya ce ta ba ni. Wannan kuwa ni na saya a tashar jirgi, don na san akwai abin da ba zai shiga nata ba.

Sunanta Su'ad. Ba ta wuce talatin ba, haifaffiyar nan, iyayenta 'yan Zariya. Yaya Bobai, wan matata Celestina, shi ya haɗa mu, maƙwabcin mahaifiyarta ne a Perry Barr. Hausarta na ɗingishi, amma tana isa inda za ta. Kawu take ce min.

Ta yi min bayani dalla-dalla. Akwai diyyar da ake nema idan allurar rigakafi ta nakasa mutum. Amma sai likitocin can sun yarda da abu biyu: allurar ƙarambau da aka yi wa 'yata Bethany ce sila, kuma nakasarta ta kai kashi sittin cikin ɗari. Na ce da wane mudu ake auna 'yar mutum? Ta ce, "Da takarda, Kawu. Records ɗinta za su karanta."

Sai ta juyo min da takardun asibiti. Ta ja layi da rawaya a wurare da dama, ta sa na karanta da kaina. Uban ya ce ta samu sauƙi. Uban ya ce jiki da sauƙi, ya gode Allah. Sau goma sha ɗaya tun watan Maris.

Na ce to me zan ce? Tambayata aka yi yaya jikinta.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mai karanta wannan zai ɗauka yarinyar ta kusa warkewa. Ta ce daga yau kullum in rubuta abin da Bethany ta kasa yi, kuma ranar 22 ga Oktoba, idan mun je ganin babban likita, in faɗa masa komai da bakina don ya shiga takarda.

Na fito raina a ɓace, ban san da wa ba.

Laraba, 9 ga Satumba

Na rubuta a baƙin littafi: "Ta ci abinci sosai. Ta yi waƙa. Mun gode Allah."

Celestina ta karanta kafin ta tafi aiki. Ta ce, "Baban Bethany, wannan shaida ce ta coci." Ta ajiye shi a kan firij ta fita. Rabin abincin ma a ƙasa ya ƙare, cokalin ba ya isa baki sai ya yi ta rawa a hanya. Na gani. Ni na share.

Juma'a, 11 ga Satumba

Ban rubuta komai a nasu littafin ba.

Lahadi, 13 ga Satumba

A coci, kafin in kai wurin zama, mutum shida suka ce yaya jikin Bethany. Shida na ce da sauƙi. Tana kafaɗata tana ji.

Haka aka rene mu. A Kagoro, Baba yana kwance, numfashi ya kusa ƙarewa, mai gaisuwa ya shigo, ya ɗaga hannu ya ce da sauƙi. Kwana biyu aka binne shi. Ba wanda ya ce ƙarya ya yi. Mutum ba ya zama ya jera wa duniya abin da ɗansa ya rasa, sai ka ce yana kai ƙarar Allah. Mama kan ce abin da baki ya kira, shi ke zuwa ya zauna.

Yanzu wata yarinya da biro mai rawaya tana so in jera.

Alhamis, 17 ga Satumba

Hutun rana a depo, inda muke ajiye bas ɗin da nake tuƙawa. Tun safe nake jigilar ɗalibai daga Fallowfield zuwa Oxford Road, sababbi ne, kowa da taswira a waya, ba wanda ya san inda zai sauka.

Abin da ba na son tunawa shi ke zama kusa da ni a bas ɗin nan.

Ni na kai Bethany allurar. Celestina tana aiki ranar, Fabrairu ne, ana yayyafi. Ta hau matakalar asibitin unguwa da gudu, bibbiyu take tsallakewa, ina ce mata sannu. Ba ta yi kuka ba. Aka manna mata tauraro a riga, muka sayi biskit a hanya. Yaran Yaya Bobai biyu an yi musu irinta, ko zazzaɓi ba su yi ba. Likita ya ce abin da ya same ta ba kasafai yake faruwa ba, har shi kansa bai taɓa gani da ido ba sai a kanta, kuma ba zai iya rantsewa allurar ce ba. Na yarda da shi. Ko yau aka ce in kai wani ɗa, ban san zan ƙi ba.

Amma bayan sati biyu ni na ga ta taso daga kan kujera tana tangaɗi, na yi dariya. Na ɗauka wasa take. Na ce, "Wa ya ba ki burkutu?" Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗi.

Wannan dariyar ban taɓa gaya wa Celestina ba.

Talata, 22 ga Satumba

Na tura wa Su'ad hoton shafuka huɗu. Ta kira ni.

"Kawu, ka rubuta ta taka daga kicin zuwa falo. Ita kaɗai?"

Na ce tana dafa bango.

"To rubuta bangon."

Can ta ce Abbanta haka yake. Shekara biyu tana raka shi asibiti a Edgbaston kafin ya rasu, likita ya tambaya, ya ce Alhamdulillahi, ita kuma tana bayansa tana girgiza wa likitan kai. Ta ce ta san ba ƙarya muke yi ba. "Amma su ba su san gaisuwa ba ce, Kawu. Rubutawa suke."

Na ce Allah ya ji ƙansa. Ta ce amin. Ban iya yi mata faɗan da na shirya ba.

Asabar, 3 ga Oktoba

Bethany ta cika shekara huɗu yau. Celestina ta yi cincin da shinkafa, Yaya Bobai ya zo da yaransa. Da aka zo hura kyandir, kanta ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai yaran suka taya ta ba tare da an sa su ba, suka bar mata na ƙarshe. Ta kashe shi a karo na uku. Ihun da muka yi, na tabbata ɗaliban flat ɗin sama sun ɗauka United ta ci.

Wannan ma in rubuta shi a matsayin abin da ta kasa? Ban rubuta ba. Nawa ne.

Litinin, 12 ga Oktoba

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

An ba Bethany takalman roba na asibiti wata uku da suka wuce, masu riƙe ƙafa har ƙwauri. Satin nan Celestina tana aikin dare, ni ke sa mata da safe a gurguje, safa a kan safa, da yamma in cire in watsa mata ruwa in kwantar. Ban duba ba. Yau a asibiti, matar da ke yi mata gashin ƙafa ta cire na hagu, ta zare safar, sai ga ciwo a bayan diddige, ja wur, ya fashe. Ba na jiya ba ne.

Matar ta durƙusa ta ce mata, yana yi miki zafi, sweetheart?

Bethany ba ta kalle ta ba. Ni ta kalla. Ta yi murmushi irin wanda nake yi a ƙofar coci, ta ce da Turancinta na Manchester, "It's better, thank God." Sai ta ƙara, da Hausa, don ni, "Da sauƙi, Daddy."

Hawaye na kwance a idonta, ta hana su zuba.

Matar ta ce kai, jaruma ce. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. A kafaɗata ta koya.

Talata, 13 ga Oktoba

Celestina ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi min. Ta wanke ciwon, ta sa magani, ta ce, "Kwana nawa take tafiya a kai?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ita ta sani."

Na gaya mata zancen burkutun. Ban shirya ba, fitowa ya yi. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce ita ma ranar farko cewa ta yi yarinyar na neman a ɗauke ta ne, har ta daka mata tsawa. Wata bakwai kowa na riƙe da nasa a gida ɗaya.

Muka zauna a kicin shayi ya huce.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Na ɗauki baƙin littafi da safe bayan na kai ta nursery. Na yi addu'a tukuna. Na ce Ubangiji, ba ƙararka nake kaiwa ba, Kai ma ka gani.

Ba ta hawa matakala, ɗaukarta ake yi. Ba ta riƙe kofi sai da murfi. Ta faɗi sau biyar jiya, ɗaya a kan murhun ɗumama ɗaki. Ba ta iya saka maɓalli. Kalmomin da take faɗa sarai a bara yanzu suna fitowa a ja. Idan yara suka ruga, tana zama ta ce ita ce mai gadin jakunkuna.

Na ƙarshen nan ya sa na ajiye biro na je banɗaki.

Shafi uku. Na duba taga, sama ba ta faɗo ba, bas na wucewa yadda ta saba.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Babban likita. Ya ce, to Mista Kambai, yaya take?

Wallahi bakina ya riga ya buɗe da kansa. Celestina ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, da takalmin aiki kuwa, har yanzu ina jin wurin. Na fito da littafin na ce zan karanta masa.

Kafin in fara na juya wajen Bethany, tana wasa da wata motar katako. Na ce mata zan gaya wa likita abubuwan da ke ba ki wahala, ba don kin yi laifi ba, don ya san inda zai taimaka. Ta ce, "Even the stairs?" Na ce har matakalar.

Na karanta duka. Likitan ya daina kallon agogo, ya yi ta bugawa a kwamfuta, ya tambayi abubuwan da bai taɓa tambaya ba. Ya ce zai tura a zo a duba gidan, a ga ko ƙaramar hukuma za ta sa abin dafawa a matakala da banɗaki. Wata bakwai da na bar wannan a baya saboda gaisuwa.

A ƙarshe Bethany ta ce na manta ɗaya. Ba ta iya tsalle a kududdufi. Likitan ya rubuta.

Asabar, 31 ga Oktoba

Mun je Birmingham ni da ita, a jirgi. Ta ƙirga tumaki har ta yi barci. Su'ad ta buɗe mana ofis duk da Asabar ce, ta ajiye mata lemo da bambaro.

Ta karanta shafukan tana tsaye, sannan ta zauna. Ta ce, "Sannu, Kawu." Da Hausa mai kyau, babu ɗingishi.

Ta gaya min gaskiya: zai daɗe, wataƙila fiye da shekara, kuma mutane da yawa ana ce musu a'a, ko a ce bai kai sittin ɗin ba. Idan haka ta faru za mu nemi a sake dubawa. Na sa hannu. Abin mamaki, ban ji komai game da sittin ɗin ba. Ina kallon Bethany tana kokawa da bambaro.

Lahadi, 8 ga Nuwamba

Ban ce na canza ba. A ƙofar coci yau ma da sauƙi na ce wa Mama Raki, tsohuwa ce, me zan tsaya ina gaya mata a cikin sanyi.

Sai dai da safe, ina sa mata takalman, na zare safa na duba diddigen. Ya warke, saura tabo. Na ce, "Ina ke ciwo yau?" Ta kalle ni tana neman amsar a fuskata. Na riƙe fuskar, ban yi murmushin nan ba. Da wuya, ashe.

Ta daɗe. Sannan ta ɗora yatsa a gwiwar dama.

"Nan, Daddy. Ba sauƙi."

Na ce na gode da kika gaya min. Na shafa wurin, na sassauta igiyar. Muka makara, har an gama waƙar farko.