Gyara a Shagon Matar New Orleans

Daren Asabar, bayan isha'i, watan Rajab

Shekara biyu ke nan da ambaliyar da ta ci New Orleans. Wata mata da ruwan ya koro nan Greensboro ta buɗe shagon kayan zaƙi, yau 'yata Hadiza ta kai ni.

Layi har bakin titi. Abin da suke kira benye fanke ne, sai dai an barbaɗe shi da garin sukari. Wanda suke kira firalin kuwa ɗan'uwan alawar gyaɗa ne. Sai da na sa aka tambayi man suyar, aka ce na gyaɗa ne.

Da matar ta miƙo mana ƙunshinmu, na ƙi motsi.

"Baba, mu je mana."

"Ba ta sa gyara ba."

"Don Allah kar ka ba ni kunya. Nan Amurka ce, ba kasuwar Damagaram ba."

Shekara talatin marigayiya uwarta tana tuyar fanke, ba ta taɓa sallamar mai saye babu gyara ba. Na ce sai Hadiza ta faɗa wa matar. Ta faɗa, kanta a sunkuye.

Matar ta dube ni. Ta ce a garinsu ma haka ake yi, amma tun zuwanta babu wanda ya nema. Ta ƙara mana firalin biyu, idonta ya kawo ruwa.

A mota ban yi wa Hadiza gori ba.

Gobe da safe zan ci ɗaya da shayi, ɗayan in ajiye mata kusa da makullin motarta.