Ƙafar Baba

Kano,
ranar Laraba.

Zuwa ga ƙawata Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yarana, ya aikin asibitin naku na Falgore? Na buga wayarki har na gaji, garin nan naku sai mutum ya hau bishiya kafin ya samu sabis. Shi ya sa na koma biro da takarda, direban motar Rogo zai kawo miki.

Muna asibiti da Baba. Kin san yana da ciwon suga, kin kuma san halinsa da takalmi, a hannu yake riƙe shi in zai shiga gona. Wajen yankan dawa tushiyar kara ta soke shi a tafin ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya yi shiru. Ni da nake wanke wa mutanen Karaye ciwo kullum, ban san na ubana ba sai da wari ya tona asiri.

Likita ya ce ƙafar ta mutu, in ba a yanke ta daga ƙasan gwiwa ba dafin zai bi jini. Baba ya saurara tsaf, ya yi tambayoyinsa, ya yi godiya, sannan ya ce bai yarda ba. Ya ce ya ci rabonsa na duniya, da ƙafa biyu ya zo, da su yake so a sa shi a kabari. Ya juyo ya ce mini, "Uwata, ke kika san yarensu, ki tsaya mini." Haka yake kirana tun ina goye, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce to, Baba.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, ba ya gane kowa. Likita ya ce tunda mai ciwo ya fita hayyacinsa, magana ta dawo hannun iyali. Yaya Isyaku ya riƙe biro yana cewa ai Baba ya riga ya faɗi tasa. Na ce masa in Baba ya mutu alhali da magani, shi zai ɗauki alhakin. Ya sa hannu, aka yi aikin.

Na san abin da yake bakinki. Ban manta ranar da aka kawo maganar yardar majinyaci a ajinmu na makarantar jinya ba. Kika kafe cewa jiki na mai shi ne, na ce jiki amanar Allah ne, ba a zuba wa amana ido ta lalace. Har gaba muka yi a kai, ga shi kwano ɗaya muke ci. To ki adana wa'azinki, malama. Ubana yana numfashi, zazzaɓin ya sauka, ni wannan ya ishe ni.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a.

Taki,
Nuriyya Sulle.

*

Tudun Kaya,
ranar Asabar.

Rumasa'u ƙawata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyi, ya mai jego ta gidanku? Takardarki ta iso tare da zumar da kika aiko wa Baba. Ke ma dai nas ce ta banza, mai suga kike aiko wa zuma! Inna ta shanye, tana godiya.

Mun dawo gida. Wurin ya warke lafiya, Baba yana dogara sanda har ƙofar gida. 'Yan dubiya suna ta cewa an auna arziki, suna sa mini albarka. Shi kuwa bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ranar da ya farfaɗo ya shafa zanin gado inda ƙafar take a da, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe jira kike in yi barci." Shi ke nan abin da ya ce. Tun daga ranar, in na durƙusa gaishe shi yakan amsa cikakkiyar gaisuwa, har ya tambayi aiki, amma da Likita yake kirana. "Sannu da zuwa, Likita." A gaban mutane sai ka ce yabo ne. Ni na san an karɓe mini sunana.

Kin rubuta cewa maganar da mutum ya yi da hankalinsa ba ta faɗuwa don hankalin ya gushe, kamar wasiyya take. Na karanta na ji haushinki, na sake karantawa. Na kai wa limamin unguwa maganar, ya ce neman magani halal ne, ceton rai babban lada ne. Na taso da murna, sai ya ƙara da cewa amma alkawari ma abin tambaya ne ranar gobe. Wato ya ba ni da dama ya karɓe da hagu.

Hujjata har yanzu ita ce, wanda ya ce a'a a gadon asibiti bai san daɗin da ke gaba ba. Ga shi yana zaune a tabarma jikoki suna hawa bayansa, an kawo masa sabuwar gyaɗa ya ɓare ya yaba. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko bai ji daɗin ganin wannan kakar ba. Ya ce ya ji, ya gode wa Allah, amma wanda aka sace wa akuya aka dafa aka zuba masa romo, in ya ce romon ya yi daɗi ba cewa ya yi ya bayar da akuyar ba. Na tashi na shiga ɗakin Inna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ranar aikin, wata ma'aikaciya ta leƙo ta tambaye ni ko za mu karɓi ƙafar mu je mu binne, yadda aka saba. Hankalina yana kan numfashin Baba, kuma aiki ya sa abin da aka yanke ya daina zama mini mutum. Na ce su yi yadda suke yi. Kin san da wuta suke yi. Shekaranjiya Baba ya tambayi inda aka binne ta. Yaya Isyaku ya yi caraf ya ce a maƙabartar garinmu, kusa da kabarin Kaka. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya ce to alhamdu lillahi, in tasa ta zo a kwantar da shi a wurin.

Rumasa'u, in faɗa masa ko in bar shi da kwanciyar hankalinsa? Wannan karon tambayarki nake, ba gardama ba.

Taki a kullum,
Nuriyya.

*

Karaye,
ranar Litinin.

Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ya hanya, ya kuka iske gida? Na gode da zuwa gaisuwa, Allah ya ba da lada. Taron mata bai bar mu mun keɓe ba, na ga kina ta kallona kina son tambaya. Ga amsar.

Kin ce in faɗa masa. Na kasa, har damina ta sauka. Shi ne ya kira ni wata rana da hantsi, bayan ciwon ya koma ƙoda kuma ya ce ba inda za a sake kai shi. Wannan karon ba wanda ya ɗauki biro. Ya ce ya roƙi Isyaku ya goya shi a babur ya ga wurin, kullum sai ya kawo dalili. Ya ce, "Ke ba kya ƙarya, abin da kika ga dama kawai kike yi. Ina ƙafata?"

Na faɗa masa duka, har da kalmomin da na yi amfani da su. Ya rufe ido. Can ya ce Allah da ya halicce ta ya san inda tokarta take, ba zai sha wahalar tattaro ta ba. Ya ce kada a tsawata wa Isyaku, tausayi ne ya sa shi. Ya sa na gyara masa matashi, ya karɓi ruwa a hannuna ya sha.

Watannin nan da ya ƙara, ni na ƙwato masa su, kuma a cikinsu ya ga auren autarmu, ya raɗa wa jika suna. In aka mayar da ni ƙofar ɗakin tiyatar nan, ban san me zan yi ba, kada in yi miki ƙarya. Abin da na sani shi ne ya ba ni bakinsa in riƙe masa, na yi magana da nawa. Yanzu in majinyaci ya ce mini a'a, nakan ja kujera in zauna. Abokan aiki suna cewa na yi sanyi.

Ranar da zai cika ya tara mu yana neman gafara, kowa yana neman tasa. Yaya Isyaku ya shiga, Inna ta shiga, sannan ni. Na kama hannunsa na ce Baba ka yafe mini. Ban yi shakkar zai yafe ba, ba mai riƙo ba ne. Abu ɗaya nake jira in ji, na kasa kunne kamar yarinya. Ya matse yatsuna, ya yi murmushi, ya ce, "Na yafe miki duniya da lahira, Likita."

An binne shi kusa da Kaka, yadda ya ce. Ki yi masa addu'a, ni ma ki yi mini. In kin tashi rubuto amsa, kada ki ce kin yi gaskiya, kada kuma ki ce na yi.

Ƙawarki,
Nuriyya.