Ni Na Cire Maka Rigar, Habibu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Habibu, a can ƙasar Kanada. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Tun muna firamare muke rubuta wannan jimlar ba tare da mun yi tunaninta ba. Yau kam da gaske nake.

Kwana uku ke nan wayarka ba ta shiga. Saƙonnina suna nan da alama ɗaya, sun ƙi zama biyu. Shi ya sa na kawo maganar fili inda kowa zai karanta, ko Allah zai sa wani Bahaushe da ke kusa da garinku ya gani, ya je ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ka san ba na son baje sirrin gidanmu a waya. Ka yi haƙuri, dabara ce ta ƙare mini.

Tun watan jiya kake damuna da zancen tafkin nan. Wai ƙanƙara ta narke, wai hukuma ta sa ranar fara kamun kifi, kamar yadda Sarkin Ruwa yake buɗe mana ruwa a Yawuri. Ka ce akwai wani kifi mai farin ido kamar gilashi, wolai, namansa kamar na ƙaramin giwan ruwa, kuma a farkon lokaci yakan matso kusa da gaɓa. Ka ce akwai fayik, dogo mai haƙora irin na tsage, mai tsinke wa mutum zare. Ni kuwa ina cikin mota a ƙofar makaranta ina jiran 'ya'yan kafilina, ubangidan da nake yi wa direba, rana na gasa ni, ina sauraronka ina hassada. Eh, hassada. Shekara shida ina Riyad, ruwan da na fi gani shi ne na wankin mota. Ni da aka yaye a cikin kwalekwale.

Ran Juma'a ka turo hoto, kai da abokin aikinka mai jirgin, kuna gwada kayan fita washegari. Kana sanye da rigar nan mai hana nutsewa, ruwan lemo, ta kumbura ka kamar buhun auduga. Na yi dariya har Ɗan Maraɗi, direban maƙwabtanmu, ya leƙo yana tambayar lafiya. Sai na danna na aika maka murya. Ban manta ko kalma ɗaya ba: "Jikan Sarkawa da rigar tsoro? Wallahi da Baba na raye da ya ɓoye fuska. Cire abin nan, kada ka ba mu kunya a gaban Turawa."

Wasa nake yi, Allah ne shaidata. Amma na manta da wanda nake yi wa wasan. Kai ne fa wanda na taɓa ce wa ba ka isa ka haye zuwa tsibiri da iyo ba, ka tuɓe ka faɗa ruwa ana cikakkiyar damina, sai da aka bi ka da jirgi. Duk duniya za ta iya yi maka dariya ka share. Ni kaɗai ne in na yi, take shigarka.

Ran Asabar da la'asar hoto na biyu ya shigo, ina filin jirgin Sarki Khalid ina jiran babban ɗan kafilina. Kana tsaye a cikin ƙaramin jirgi a tsakiyar ruwa, ka ɗaga fayik da ya kai tsawon hannunka, kana washe baki. Babu rigar. A ƙasa ka rubuta: "Yaya, kunya ta fita?" Na tura maka alamar tafi har uku. Shi ne saƙona na ƙarshe da ya isa gare ka.

Shi ɗan kafilin a can wajenku ya yi karatu. Da danja ta tsayar da mu sai na miƙa masa wayar ina alfahari. Ko kifin bai kalla ba. Ina rigarsa, shi ne abin da ya tambaya. Na ce masa mu 'ya'yan ruwa ne, mun iya iyo kafin mu iya tafiya. Ya girgiza kai. Ya ce ruwan da ƙanƙararsa ba ta daɗe da narkewa ba, ba ruwansa da iya iyo. Da ka faɗa zai ƙwace maka numfashi, kafin ka dawo hayyacinka hannu ya sandare, ko bakin jirgi ba ka iya kamawa. Sai ya ce yalla, mu je, danja ta ba mu hannu. Har muka isa unguwarsu ta Murabba ban san yadda na yi tuƙin ba.

Tun daga ranar Baba nake gani. Ba Baban da na ƙirƙira maka a cikin saƙon ba, na gaskiya. Mutumin da bai taɓa shiga gurbi mai zurfi ba sai da ƙaton goransa a ƙirji. Ka tuna ranar da wasu samari suka yi masa shaƙiyanci, wai gora na tsofaffi ne? Ko ɗaga kai bai yi daga ɗinkin komarsa ba, ya ce, "Ni kifi na zo kamawa, ba suna ba." Mene ne gora in ba rigar taka ba? Na yi wa mamaci ƙarya, Habibu, don kawai in ba Ɗan Maraɗi dariya.

Inna ta kira sau biyu. Na ce mata babu sabis a bakin tafkin. Ta ce to.

Ga ni nan, ba abin da na iya. Ba ni da biza, ba na fita ƙasar nan sai kafili ya yarda, ko sunan abokin naka ban tambaya ba, mai jirgi kawai na sani. Ina ta gaya wa kaina wayar ce ta suɓuce ta faɗa ruwa, kana can kana soya wolai kana jin haushin asarar. Nakan yarda da wannan na ɗan lokaci. Sai waya ta motsa a aljihu, in yi sauri in duba, in ga Madam ce, matar kafilina, ke son a sayo burodi.

Tsoro nake ji, autan Inna. Ban taɓa gaya maka haka ba, ni da kullum nake nuna maka ba na jin komai. In ka ga wannan, kada ka tsaya sallama. Ko zagi ne ka turo, zan karɓa da hannu biyu.

Gobe bayan azahar zan kira Inna, ba zan iya yi mata ƙarya ta uku ba. In har lokacin ban ji ka ba, zan gaya mata komai. Zan ce mata ɗanta ya yi hankali, ya sa rigarsa, ya ɗaure ta da kyau, ni na cire masa.

Ya Allah, Kai ka fitar da Annabi Yunusa daga cikin kifi. Ka fitar mini da ƙanena daga duk inda yake, ka mayar wa uwarsa da muryarsa, kada ka kama shi da wautar bakina. Amin.

Yayanka da ya yi kuskure,
Lawal, daga Riyad.