Tankin da Ya Faɗi a Hanyar Salala

Zuwa ga ƙanwata Zuwaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mas'ud da yara da duk mutanen gidanku na Zanzibar. Allah ya yaye miki ciwon gwiwar da na ji kina fama da shi, ya sa kaffara ne. Mu nan Sur lafiya lau. Matata Nasra ta samu sauƙin hawan jininta, sai dai har yanzu ba ta rabu da halwa, alawar nan tamu, ba, in na yi magana ta ce ai likita bai ambaci ta gidan biki ba. 'Yarmu Azza ta sauka lafiya, an samu mace, kowa ya gan ta sai ya ce hancinki ne aka ɗauko. Zafi ya fara sauka, masunta sun koma teku, kifi ya yi araha.

Dalilin rubuto miki shi ne maganar Mazin, ɗana kuma ɗanki. Na san hoton bidiyon nan ya iso wayarki, don Nasra ta ce kin kira ta kina kuka, kina tambaya ko gaskiya ne an zagi gidanmu. Ba na son ki tsaya a kan abin da waya ta nuna miki, shi ya sa na zauna in ba ki labarin daga tushe, tun da da idona na ga yawancinsa.

Kin san shekarun nan Mazin da abokinsa Talal suna ƙera karafan, ɗakunan nan da ake ja da mota, masu gado da kicin da bayan gida a ciki. Bana sun yi ciniki sosai, domin kowa yana son ya kai iyalinsa Salala shan iska da damina ba tare da neman masauki ba. A ƙarƙashin kowace karafan akwai tankin roba da ke tara ruwan bayan gida har a isa inda za a zubar, an rataye shi da ɗamarar ƙarfe biyu. To wani malamin makaranta daga Ibra, Malam Hamud, ya sayi ɗaya. Yana cikin tafiya ta hanyar bakin teku, ya wuce Dukum, tankin cike, sai ɗamara ɗaya ta tsinke. Tankin ya faɗo yana jan ƙasa, ya fashe, abin da ke ciki ya wanke gilashin motar da ke biye. Direbanta ya daina gani, ya sauka daga titi ya shige rairayi, da matarsa da 'ya'yansa a ciki. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni sai tsoro. Wani ya ɗauki hoto, sunan shagonsu ɓaro-ɓaro a bayan karafan, kafin la'asar duk gari ya gani. Har a masallaci wani ya tare ni yana dariya, wai ashe ɗana turare yake rabawa kyauta a hanya.

Washegari Mazin ya je ya ɗauko tarkacen da kansa. Ya shimfiɗa ɗamarar a tsakar gida, ya daɗe yana juya ta, abinci ma bai ci ba. Daga baya ya nuna mini wurin da ta karye, daidai lanƙwasar da noti yake shiga. Ya ce mini ƙarfen da suka yi aiki da shi bana ya fi na bara siranta, shi da kansa ya amince da shi don ya ga yana ɗaukar tankin a shago ba ya ko motsi. Abin da bai lissafa ba shi ne ruwa cike yana tangaɗi a hanya mai gargada, ga iskar teku tana cin ƙarfe. Ya ce duk karafan da suka fitar bana haka aka rataye tankinta, kuma yawancinsu a lokacin suna Salala, za su juyo gida da ƙarshen damina.

A nan suka saɓa da Talal. Shi Talal ya ce a yi shiru, a ce laifin malamin ne da ya yi tafiya da tanki cike, ai an gaya wa kowa ya zubar kafin ya kama hanya. Ya ce mutane suna da mantuwa, in an kwana biyu wani abin dariyar zai fito a bar nasu, amma in suka buɗe baki suka ce aikinsu ne, sun rufe shago da hannunsu. Mazin ya amsa masa cewa wanda ya sayi ɗaki da bayan gida ba zai tsaya auna tanki da ludayi ba, kuma shi ba zai iya kwanciya ba alhali ya san akwai yara a bayan waɗannan motoci. Talal ya ce to ya je ya zama waliyyi shi kaɗai, ya cire hannunsa. Ban ga laifinsa da yawa ba, yana da iyali, tsoro ne ya kama shi. Amma wanda ya ɗaure kura, shi ya san yadda zai kwance ta.

Mazin ya kira duk wanda ya saya, ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu gaskiya ba kwana-kwana, ya roƙe su kada su motsa karafan daga inda take sai ya zo. Wasu sun gode, wasu sun zazzage shi, ya saurara har suka gama. Ya fara zuwa Ibra ya ba Malam Hamud haƙuri, ya nemo mai motar da ta shiga rairayi ya gyara masa ita. Sannan ya loda injin walda da janareto da sandunan ƙarfe masu kauri a a-kori-kura. Na ce ni zan tuƙa. Ya ce na tsufa, na ce masa tun ba a haife shi ba nake kai bas Salala, ya shiga ya zauna ya yi mini shiru.

Zuwaina, aikin nan ba na mai ƙyanƙyami ba ne. Ba a walda kusa da tankin roba, dole sai an zubar da abin da ke ciki, an wanke, an sauke shi, sannan a like sandunan ƙarfe a gindin karafan, a sa roba tsakani, a mayar da tankin ya zauna a kansu maimakon ya rataya. Haka muka riƙa bi zango zango cikin yayyafi da taɓo. Ɗanki da kika goya, wanda ba ya fita sai ya turara rigarsa, shi ne kwance rigingine a ƙarƙashin bayan gidan mutane, ruwa yana ɗiga masa a wuya. Samarin zango suka sa masa suna likitan masai. Da ya ji, sai ya ce musu duk mai ciwo ya kawo kansa, layi ɗaya ne. Tun daga nan suka koma miƙa masa sifana suna kawo mana gahawa da dabino. Ko baisa ɗaya bai karɓa a hannun kowa ba.

Mutum ɗaya ne muka rasa, wani dattijo daga Ja'alan mai suna Musallam. Wayarsa ba ta shiga. Aka ce ya hau dutsen Samhan da matarsa da jikokinsa, can inda babu sabis. Na ce wa Mazin mu jira shi a gindin dutse, ya ce ai gangarowar ce abin tsoro. Muka hau cikin hazo, ba ka ganin abin da ke gabanka sai raƙumi ya kusa taɓa gilashi, muna tsayawa muna tambayar makiyaya. Sai da hantsi ya ɗaga a rana ta biyu muka same shi, ya riga ya ɗaura karafan a mota, jikoki sun shiga, zai sauka.

Dattijon bai karɓe mu da fara'a ba. Ya ce shi ya ga hoton, ya san ko mu su wane ne, kuma tasa lafiyarta ƙalau, kada yaro ya ɓata masa tafiya. Ya dube ni ya ce, wai da furfurata na biyo ɗana yawon kwasar kashi? Na ji zafin maganar, amma na haɗiye. Mazin bai yi musu da shi ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, ya ce Baffa, kwanta ka duba da idonka, in ka ce lafiya sai mu juya. Musallam ya yi tsaki, ya tattare rigarsa ya shiga. Gani ya kori ji. Ɗamarar gaba ta tsage saura kamar faɗin farce, ta baya kuma notinta ɗaya ya riga ya fita. Kuma daidai bayan tankin wayar birkin karafan ta bi, in ya faɗo sai ya tsinke ta. Ya daɗe a ƙarƙashin bai fito ba. Da ya fito, sai ya buɗe mota ya sauke jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya yana kallon gangaren da zai bi.

Shi ya riƙe wa Mazin tankin da hannunsa lokacin saukewa, ya hana ni taɓawa. Da aka gama ya sayi akuya wurin makiyaya, aka gasa a kan duwatsu masu zafi. Muna ci ya ce mini in yafe masa maganar ɗazu, bakinsa ne ya riga hankalinsa. Ya ce shi ya yi hulɗa da masu sana'a iri-iri, duk wanda ya taɓa hawa dutse nemansa, abin da zai karɓa ne ya kawo shi, wannan ne na farko da ya hau don ya amsa kuskurensa. Na share hawaye, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Ba zan ɓoye miki ba, shago ya ji jiki. Mazin ya sayar da motarsa, ma'aikata biyu suka rage, har yanzu akwai masu tsokana a kasuwa. Amma aiki ya fara dawowa a hankali, har da masu karafan da ba shi ya ƙera ba suna kawowa ya duba musu ƙasa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na rubuto. Tun da Talal ya fita, dole a canja allon shago. Jiya bayan sallar azahar Mazin ya zo ya durƙusa gabana, ya ce yana son ya rubuta sunan kakansa, Halfan. Ya ce ya san mahaifin namu ya yi shekaru yana ƙera jiragen ruwa a bakin tekun nan ba a taɓa cewa nasa ya sha ruwa ba, shi kuwa nasa aikin ya riga ya faɗi a titi kowa ya gani, don haka ba zai taɓa sunan ba sai 'ya'yan mai sunan su biyu sun yarda. Ya ce in Gwaggo ta ce a'a, ba zai ji haushi ba. Ni na amince masa tun bai rufe baki ba. Mai fenti yana jira, saura amsarki.

Ki gaishe mini da Mas'ud, da 'yarki Raya da maigidanta, da Sani da ya ƙi zuwa ya ga kawunsa. Nasra tana gaishe ki, ta ce ki aiko da kanumfari in an samu mai zuwa. Azza da jaririya suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki,
Hilal ɗan Halfan