Yayana da Aka Bari a Gidan Gumakan Fir'auna

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin da ya yi jigilarmu zuwa aikin hajji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Ni ne Sule, manomin gyaɗa daga Garo ta ƙasar Kabo. Na yi ta sintiri ofishinka a Kano, kullum sai a ce ka fita. Shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, ba don in ci maka mutunci ba, sai don tsoro ya hana ni yin shiru.

Na farko, bari in tuna maka. Bara waccan da muka sayar da gyaɗa, ni da yayana Malam Habu muka zo wurinka. Kai ka ce bayan hajji za a bi da mu ta Misira, sannan mu hau jirgin ruwa a kogin Nilu mu nufo Sudan. A gabanka na faɗa cewa Malam yana da dundumi, in ya shiga duhu ko tafin hannunsa ba ya gani. Ka ce jagoran da ka haɗa mu da shi zai kula. Fasfunanmu ma a jakarsa suke.

Na biyu, abin da ya faru. Wata rana da hantsi jirgin ya tsaya gindin wani dutse. An sassaƙa mutane huɗu a jikinsa, suna zaune, yatsan ƙafar kowanne ya fi turmi girma. Aka ce aikin wani Fir'auna ne, mai so ya sauka ya yi kallo. Ni jikina bai ba ni ba. Malam ya ce, "Tashi mu je, Sule, mu ga yadda Allah yake yi da masu girman kai." Na bi shi ina riƙe da hannun rigarsa.

A tsakiyar gumakan akwai ƙofar wani ɗaki da aka fafe cikin dutsen, muka shiga. Ciki sanyi, ga warin jemagu. A bango an zana mutane masu kan tsuntsu. Fitila ɗaya ce a hannun jagoranka, kuma bai tsaya mana ba, ya bi Turawa masu ɗaukar hoto. Mun yi nisa cikin lungu sai jirgi ya yi kuka. Hasken ya juya ya tafi, jama'a suka yo ƙofa a guje. Aka bangaje ni, rigar ta kuɓuce. Na ji muryarsa a bayana yana cewa, "Sule, ina kake?" Na juya ina lalube, sai jagoranka ya fizgo ni, ya rantse ya ga Malam ya riga mu fita.

Sai da jirgi ya rabu da gaɓa na gama duba cikinsa sama da ƙasa. Babu Malam. Na yi ihu, na durƙusa wa matuƙin, jagoranka ya ce jirgi ba ya komawa baya, na gaba zai kawo shi. A Halfa, garin Sudan inda jirgin ya sauke mu, na zauna ina tarbar kowane jirgi har guzurina ya ƙare. Bai zo ba. Jagoranka kuwa ya miƙo mini fasfona ya wuce da sauran alhazai, da fasfon Malam a jakarsa.

Na uku, kuma shi ya fi tsinka mini zuciya. Mun ji a rediyo ana gina madatsar ruwa a can, ruwa zai cinye ƙauyukan bakin kogin, har an fara kwashe mutane. In wani bawan Allah ya tsinci Malam ya riƙe shi, ina za a kai su? Mutumin da ba shi da takarda, ba ya jin Larabci sai na sallah, wa zai gaya wa daga ina ya fito? Ga shi ranar kasuwar Gwarzo na ga yaranka a bakin sikelin gyaɗa suna yi wa dattawan Gammo irin alkawarin da ka yi mana.

Alhaji, roƙona ke nan. Ka fito da jagoran ya faɗi gaskiya a gaban Hakimi. Ka rubuta wa hukumomin can, ka tura mutum ya bi ƙauyukan tun ruwa bai zo ba, ni a shirye nake in bi shi. Kada kuma a sake sauke tsoho a wurin nan.

In ya rasu, a gaya mana. Matarsa Hajara ba ta san ko takaba za ta shiga ba. Mahaifiyarmu kuwa ta hana a yi masa sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta aiko a kira ni, ta ce, "Je ka gani, ko yayanka ne." Nakan je, Alhaji. Dawowar in ce mata ba shi ba ne nake tsoro.

Allah ya kare ka da zuri'arka, kada ya jarrabe ka da neman naka a ƙasar da ba ka sani ba.

Wassalam,
Sule, Garo.