Dodon Babana

Adogi, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Zuhra,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Luqman tela ke rubuta mini, tunda ni ban yi boko ba.

Baƙinki na jami'a sun zo. Sun tarar da ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ga liman ga jama'a. Ɗayansu ya buɗe littafinki na tarihin ƙabilarmu ta Gwandara, ya tambaya da ƙarfi wai ni na gaya miki babana ne mai fito da dodon garin nan. Na ce ban taɓa faɗa ba, mu Musulmi ne kaka da kakanni. To me kike so in ce? A ɗaki na gaya miki, har na hana ki kunna rikoda. Ke kuma kika buga da sunana. Shekara da shekaru kina tonon kakannin ƙabilun Tibi da Eggon, ban tanka ba. Sai nawa za ki shanya a rana?

Mahaifinki,
Alhaji Mahmuda

Adogi, ranar Asabar

Zuhra,

Ina gaishe ki. Yaya jikin? Ƙanwarki Mairo ta ce ko abinci ba kya ci.

Ita ta fahimtar da ni. Ashe wani ne ya kai ƙara cewa ƙirƙira kika yi, shi ya sa aka turo baƙin nan. Yanzu an tsayar da zamanki farfesa, kwamiti zai zauna Litinin. Wallahi na zaci 'yan gulma ne.

Tun da na ji, na kasa haɗa ido da kowa. Uban da ya ciyar da ni na musanta, ke kuma na mai da ke maƙaryaciya da bakina.

Har gobe ina cewa bai kamata ki sa sunana ba. Amma Litinin ina tafe Lafia. Kada ki turo mota, acaba zan hau. Na gaya wa liman inda za ni. Zan yi wa kwamitin waƙar fitowar dodon, wadda ko ke ban taɓa yi miki ba. In muryata ta yi rawa, kada ki dube ni.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Mahmuda